Yadda na canza tsirkiyar jita mai tsagaggen kai

Duk jitar da ta taɓa shiga hannuna a da, kanta a shafe yake, sandunan naɗi shida suna tsaye a fili, hannu yana kai musu ta ko'ina. Canza tsirkiya a irin wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Da na mallaki wata ƙarama mai tsagaggen kai, wato wadda aka fafe dogayen tsagi biyu a kanta, sandunan suka kwanta a gicciye cikin tsagin, kunnuwan murɗawa kuma suka juya baya, sai na yi ta ɗaga ranar canji. Tsirkiyoyin sun yi baƙi, muryarsu ta dushe, ta uku ma ta daina zama a saiti, amma da na leƙa cikin tsagin na ga ƙuncinsa sai in mayar da ita cikin akwati. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne kowa da nasa bayanin. Wannan ya ce a yanke tsirkiya tun kafin a naɗa, wancan ya ce kul, wani ya ce a naɗa ta ciki, wani ya ce ta waje. Na rubuta wannan ne saboda wanda yake tsaye inda na tsaya, in jero masa aikin kamar yadda ya zo mini.

Tun a wajen saye ruɗanin ya fara. Mutane da yawa, da sun ga tsagi a kan jita sai su ce ai ta nailan ce, saboda jitar gargajiya ta Sifaniya haka kanta yake. Ba kullum ba. Akwai masu tsagaggen kai da aka ƙera don tsirkiyar ƙarfe, yawanci ƙanana waɗanda wuyansu ke haɗuwa da gangar jiki a mataki na 12 (matakan su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya). Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, ya daɗe yana yin jitocinsa da irin wannan kai, sai daga wajen 1929, da ya fito da mai mataki 14, shafaffen kai ya fara yaɗuwa. Hanyar ganewa ita ce duba wurare biyu. Idan sandunan naɗin farare ne masu kauri, kamar milimita 10, kuma ɗaure tsirkiya ake yi a jikin jaki, wato katakon da ke manne a fuskar jita inda gindin tsirkiyoyi yake, to ta nailan ce. Idan sandunan siraran ƙarfe ne, wajen milimita 6, kuma akwai 'yan turaku shida da ke danne tsirkiya a jikin jaki, to mafi yawa ta ƙarfe ce. Wannan ba wurin gwaji ba ne. Tsirkiyar ƙarfe marar nauyi, guda shida, tana jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, ta nailan kuwa wajen kilo 40. Wanda ya ɗora ta ƙarfe a kan jitar nailan, ko dai jakin ya ɗaye, ko fuskar ta kumbura, ko wuyan ya lanƙwashe. Tawa mai turaku ce, don haka na sayi mai lamba 12 zuwa 53. Lambobin nan kaurin ta fari da ta shida ne da ma'aunin inci kashi dubu, wato kamar milimita 0.3 da kuma 1.35. Na zaɓi tagullar nan mai gaurayen fosfaras, irin wadda kamfanin tsirkiya na D'Addario ya fito da ita a 1974, don tana jimawa ba ta dushe ba. Fakiti biyu na saya, kuma ina ba duk mai koyo shawarar ya yi haka, domin tsirkiya ɗaya in ta tsinke ana tsakar aiki, rashin madadinta yakan tsayar da komai.

Kafin in taɓa komai na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, ba don ya yi mini ba, don dai ya duba. Ya karɓa, ya juya kanta zuwa haske, ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, ta wane gefe kuke naɗawa, ciki ko waje?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ba ni zan gaya maka ba, jitar ce za ta gaya maka. Ka bi tsirkiya da ido daga ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kai zuwa sandarta. Duk gefen da ya bar ta a miƙe, ba ta goga katako ba, can za ka naɗa." Sai ya nuna mini da farce inda ta huɗu ta ci gefen tsagin, ta bar wani siririn tabo a fenti, saboda wanda ya ɗaura ta a baya ya tura naɗin ta gefen da bai dace ba. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka fara da na kusa. In ka fara da na nesa, ka rufe wa kanka hanya." A lokacin ban gama fahimtar wannan ba, sai da na zauna gaban jitar. Bai karɓi ko sisi ba, ya dai ce in na gama in kawo ya gani.

Da na zo shimfiɗa ta a tebur sai wata matsala ta fito wadda ba wanda ya faɗa mini. Kunnuwan jita mai tsagi baya suke kallo, don haka in ta kwanta rigingine, su ne ke taɓa tebur, ba halin murɗawa. Sai na shimfiɗa bargo, na naɗe tawul na tokare wuyan, na matsar da ita har kan ya leƙo waje da bakin tebur, kunnuwan suna lilo a iska, hannuna na iya shiga ta ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: filaya mai yankan waya, wata filayar mai siririn baki, ɗan hannun robar nan da ake sa wa kunne a murɗa da sauri, abin awo, fensir, tsumma mai laushi, da wayar hannu mai manhajar saita sauti. Sai na ɗauki hoton kan jitar ta gaba da ta baya, da kusa sosai, kafin in kwance ko ɗaya. Hoton ya yi mini amfani, amma ba don in kwaikwaye shi ba, tunda na riga na ga ɓarnar da tsohon naɗin ya yi. Ya dai tuna mini wace tsirkiya ce ke zuwa wace sanda.

Kwancewa na fara daga sandunan da suka fi nisa da wuya, wato ta uku da ta huɗu, sannan ta biyu da ta biyar, na ƙare da ta fari da ta shida. Dalili kuwa, na nesan su ne ke bi ta saman sauran, sai an ɗauke su ake samun sarari. Kowace sai da na sassauta ta har ta yi laƙwas kafin in yanke ta a tsakiya. Ba a yanke tsirkiya tana ɗame, don takan yi tsalle ta sami ido ko ta zane fenti. Fitar da guntun da ya rage a jikin sanda shi ne wurin da ya fi cin rai. Waya ce da ta shekara a murɗe, ta zama kamar ƙugiya, kuma a tsagin da yatsa biyu ba sa shiga tare. Da filaya mai siririn baki na riƙa warware ta a hankali, ina tare bakin da yatsa don kada ya karci bangon tsagin. Ta fari ta soke ni a babban yatsa, har da ɗan jini, abin da kusan duk mai wannan aiki ya sani. A ɓangaren jaki kuwa, turakun da suka ƙi fita ban ɓamɓare su da ƙarfi ba. Na tura tsirkiyar ciki kaɗan don ta saki, na sa hannu ta bakin jitar na turo turken daga ƙasa. Na jera su a tsumma bi da bi, kowanne a layin raminsa, domin ba lallai ne kaurinsu ya zo ɗaya ba.

Wasu na tsoron cire duka shida a lokaci guda, wai wuyan zai lalace. Na ɗan lokacin da ake aikin nan ba ya yin komai, masu gyara kullum haka suke yi. Abin lura dai shi ne farin ƙashin da ke zaune a kan jaki. Ba manne yake ba, nauyin tsirkiya ne ke danne shi, don haka in an karkata jitar zai iya faɗowa, kuma yana da gaba da baya, gefen tsirkiyoyi masu kauri ya fi tudu. Na ɗiga masa alama da fensir a gefen ta shida. Tunda jitar ta zama tsirara, na goge allon wuya da ƙurar da ta taru a gindin jaki, na zura tsumma cikin tsagin biyu, na ɗiga ɗan mai kaɗan a haƙoran giyar kunnuwa, waɗanda a irin wannan jita a buɗe suke. Na kuma goga bakin fensir a cikin guraben ƙashin wuya. A kai mai tsagi tsirkiya tana gangarowa daga ƙashin nan da kwana mai tsanani fiye da na shafaffen kai, tana danna shi sosai, saboda haka ɗan santsin da baƙin fensir ke bayarwa yana hana ta maƙalewa lokacin saiti.

Ɗaura sababbi ta jaki ake farawa, kuma nan babu bambanci da kowace jita mai turaku. Na ɗan lanƙwasa ƙarshen tsirkiyar kusa da ɗan zoben da ke bakinta, na zura ta a rami, na bi ta da turke, kwarin turken yana kallon wuya. Ina danne turken da yatsa ina jan tsirkiyar sama har na ji zoben ya kama. Ba turken ne ke riƙe tsirkiya ba. Zoben ne ke maƙalewa a jikin wani ɗan katako da ke manne a ƙarƙashin fuskar jita, turken tare shi kawai yake yi kada ya zame. In zoben ya zauna a kan tsinin turke, da an fara ɗamewa turken zai riƙa tasowa. Na sa hannu ciki na shafa duka shida, na tabbatar kowane zobe ya kwanta a jikin katako. Wannan sai a yi shi yanzu, don da zarar tsirkiyoyi sun ɗame hannu ba zai ƙara shiga ba.

Daga nan na koma kan jitar, a nan ne kuma maganar dattijon ta fito fili. Sandar ta shida da ta fari su ne mafi kusa da wuya. Ta biyar da ta huɗu sai sun tsallake ta saman sandar ta shida kafin su kai tasu, haka ma ta biyu da ta uku a ɗaya tsagin. Wanda ya fara da ta huɗu ya shimfiɗa waya a kan ramin da zai buƙata nan gaba. Don haka jerin shi ne shida, biyar, huɗu, sannan ɗaya, biyu, uku. Sai maganar yankewa. A shafaffen kai ana iya barin jelar tsirkiya tana reto har a gama. A nan kuwa duk juyin da sanda ta yi, jelar sai ta bi ta cikin tsagin tana bulalar katako, ta fito ta baya, ta sake dawowa ta gaba. Shi ya sa na zaɓi yankewa tun farko. Na ja ta shida ta miƙe daga jaki, ta bi gurbinta a ƙashin wuya, ta wuce sandarta, na auna santimita 6 daga sandar. A wajen santimita ɗaya kafin wannan alamar na lanƙwasa ta da filaya ta yi kwana, sannan na yanke. Lanƙwasawa kafin yankewa tana da dalili. Tsirkiyoyi masu kauri waya biyu ce, ta ciki da wadda aka naɗe a kanta. Yawancin na kasuwa ta cikin mai kusurwa shida ce, tana riƙe naɗin gam, amma akwai masu zagayayyen ciki, waɗanda in an yanke su haka kawai naɗin yakan saki, tsirkiyar ta mutu tun ba a kaɗa ta ba. A karanta bayan fakiti, yawanci suna faɗa. Ga mai son awo ba tare da abin awo ba, tazarar sanda zuwa sanda kusan santimita 3.5 ce, tazara biyu ke nan santimita 7.

Ga yadda ta shida ta shiga. Na murɗa kunne har ramin sandar ya kalli sama, ya ɗan karkato wajen wuya. Na soka lanƙwasasshen bakin a ramin daga gaba, ɗan tsininsa ya leƙo ta ƙasa. Da hannun dama na ɗaga tsirkiyar na ɗame ta, ɗan yatsa yana danne ta kusa da ƙashi, hannun hagu yana ƙarƙashin kan jitar yana murɗawa. Dole tsirkiya ta hau ta saman sanda, ba ta ƙarƙashi ba, wato in kana kallo daga gaba, saman sandar yana gudu daga wuya yana jan tsirkiyar. Kada a damu da dama ko hagu na kunne, a kalli sandar kawai. Juyin farko shi ne mai wuya, don a nan bakin ke son zamewa, sai an riƙe shi da ƙarfi har kwanar ta kama. Bayan haka aikin jagora ne: kowane zagaye ya kwanta a gefen ɗan'uwansa, kada ya hau kansa, kamar zare a kwarkwaron keken ɗinki. A nan na gane amfanin ɗan hannun robar nan. Giyar kunnuwa irin waɗannan takan buƙaci murɗi 14 zuwa 18 kafin sanda ta zagaya sau ɗaya, ka ga zagaye uku ya doshi murɗi hamsin, a tsirkiya ɗaya kawai. Zagaye biyu zuwa uku ya ishi mai kauri. Fiye da haka naɗin zai cika sandar ya je ya matse da bangon tsagi, kunnen ya yi tauri, katakon ya ci rauni.

Batun ciki ko waje kuwa, da na bi shawarar kallon layi sai ya warware da kansa. Kafin in fara naɗa kowace, nakan miƙe ta daga gurbinta zuwa sanda in ga ta wane gefen rami take son sauka. A tawa, ta shida da ta fari sun nemi waje, wato wajen kunnuwa, saboda gurabensu suna can bakin ƙashi. Ta huɗu da ta uku sun nemi ciki, wajen katakon da ya raba tsagin biyu, amma ba har su taɓa shi ba, don haka na rage musu yawan zagaye. Ta biyar da ta biyu su ne masu gardama. Na gwada ta biyar da ido ta gefe biyu, na ga in ta yi waje za ta gogi naɗin ta shida, sai na tura ta ciki. A wata jitar, mai faɗin wuya dabam ko tsagi dabam, lissafin zai iya canzawa, shi ya sa bayanan mutane suke saɓawa alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa game da tasa.

Ta fari da ta biyu zallar waya ce mai santsi, ba naɗi a jikinsu, kuma ƙugiya kaɗai ba ta cika riƙe su ba. Na ba su tsawo, santimita 9, don su sami zagaye huɗu zuwa biyar. Na kuma bar jelar ta ɗan fi tsayi, na sa zagayen farko ya bi ta gefe ɗaya na jelar, sauran suka bi ta ɗaya gefen, suka matse ta a tsakiya. Wasu kan zura ta a ramin sau biyu. Yana riƙewa ƙwarai, sai dai ranar cirewa za a sha fama, ni kam ban ga ribar ba. Da na gama sai na bi duk jelar da ta yi tsini na datse ta dab da sanda, ina tare guntun da yatsa don kada ya yi tsalle.

Saiti na yi shi sannu a hankali, ban kai kowace wurinta kai tsaye ba. Na ɗaga duka shida kusa da muryarsu, sannan na zagayo: E, A, D, G, B, E, wato sunayen muryoyinsu daga ta shida zuwa ta fari, manhajar tana kan ma'aunin 440 da aka saba. Ina murɗawa ina kallon turaku, fuskata kuma a kauce daga layin tsirkiya. Manhaja takan nuna harafi daidai alhali mutum ya haura ko bai kai ba da zango guda, tunda harufan maimaituwa suke yi sama da ƙasa, don haka a riƙa duba lambar girgizar sauti a daƙiƙa: ta shida tana wajen 82, ta fari wajen 330. Sai na kama kowace a tsakiya na ɗaga ta kaɗan, na bi tsawonta, na sake saitawa, har ta daina sauka. Ƙarar "ƙas" da na ji sau ɗaya daga wajen jaki ta tsinka mini zuciya, ashe zobe ne ya ƙarasa zama. A daren muryar ta yi ƙara da yawa, irin ta sabuwar tagulla, washegari ta ɗan sauka, na gyara, daga nan ta zauna. Mai jitar nailan ya shirya haƙuri fiye da haka, tasa takan yi kwanaki tana miƙewa, kuma ɗaurin jakinta wani darasi ne dabam, ko da yake jerin farawa da na kusa da kallon layi duk ɗaya ne.

Da na mayar wa dattijon, ya zura 'yar takarda tsakanin kowace tsirkiya da katako, ta wuce ba ta maƙale ba, ya ce, "Madalla." Wannan gwajin takarda na riƙe shi, don ido yakan yi ƙarya a wurin da ya matse. Ya kuma gargaɗe ni da abu biyu. Na farko, in zan canza lamba, misali daga 12 zuwa 13, in tuna ƙananan jitoci masu tsagi da yawa ba a gina su don nauyi ba, kuma guraben ƙashi da lanƙwasar wuya za su buƙaci gyara. Na biyu, jitar da ta tsufa ƙwarai, ko da tana da turaku, kada a ɗora mata ƙarfe sai masani ya duba cikinta, domin kafin shekarun 1920 da yawansu don tsirkiyar hanji aka ƙera su. Yanzu in zan yi canji, nakan auna in lanƙwasa in yanke duka shida kafin in murɗa kunne ko ɗaya, in kuma liƙa 'yar takarda mai danƙo marar ƙarfi a gefen tsagin har in gama. In aka naɗa ta kowane gefe amma tsirkiya ta ci gaba da gogar katako, to matsalar ba ta naɗi ba ce, ramin sandar ne bai dace da layin ba ko gangaren tsagin ne bai isa ba, wannan kuwa aikin mai gyara ne.